Babi na Tara: An Kori Barista, Amma Ofis a Buɗe

A Kotun Ƙoli da ke Abuja akwai wani kundi a hannun Babban Magatakardan kotun. Duk wanda ya gama makarantar horar da lauyoyi, aka sa masa baƙar riga da hular gashi, sai sunansa ya shiga wannan kundi kafin doka ta san da zamansa lauya. Digiri kaɗai ba ya wadatarwa, rigar ma haka. A shekarar 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi fatali da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, domin kamfani ba shi da gurbi a kundin, mutum ne ke da shi. Shari'o'i da dama sun rushe a kan wannan hukunci bayan an kwashe shekaru ana fafatawa. Saboda haka idan aka ce an soke sunan lauya daga kundi, sana'a ta ƙare ke nan. Ba ya tsayawa gaban alƙali a madadin kowa, ba ya rubuta wa kowa takardar cinikin gida don a biya shi, sa hannunsa a takardar kotu kuma ya zama aikin banza.

Mai bayar da umarnin sokewar shi ne Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC, yana kuma ƙarƙashin majalisar dattawan sana'ar da ake kira Body of Benchers. Dokar Lauyoyi ta 1975, tare da gyare-gyaren da aka yi mata, ta ba kwamitin hukunci iri uku: gargaɗi, dakatarwa na wani lokaci, ko soke suna baki ɗaya. Yana iya haɗawa da umarnin lauya ya mayar da kuɗin da ya karɓa ko takardun da ya riƙe. Tun daga ƙa'idojin 2020, wanda aka cuta yana iya kai kokensa gaban kwamitin da kansa, ba lallai sai ya jira ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta ɗauki maganar ba.

Akwai wani saƙo a cikin dokar da yawancin mutane ba su san da shi ba. Lauyan da aka hukunta yana da kwana 28 daga ranar da aka ba shi sanarwa ya ɗaukaka ƙara. Hukuncin ba ya fara aiki sai waɗannan kwanaki sun cika bai ɗaukaka ba. Idan kuwa ya ɗaukaka, hukuncin zai zauna yana jira har ranar da ya janye, ko aka kori ƙarar don bai bi ta ba, ko aka saurare shi ya faɗi. Ba ya bukatar roƙon kowa, ba ya kawo mai tsaya masa, ba ya ajiye ko sisi. Shigar da takardar kawai ya isa. Umarnin mayar da kuɗin mutane ma, tunda ɓangare ne na hukuncin, shi ma ya kwanta tare da shi.

Mu sauko da maganar gida. A ɗauka wasu magada ne a Kambarawa, cikin birnin Katsina, suka yanke shawarar sayar da gidan da mahaifinsu ya bari don a raba gado kowa ya kama gabansa. Mai saye ya ce ba ya biya sai ta hannun lauya, su ma hankalinsu ya fi kwanciya da haka, don kada a ce babban wa ya taɓa wani abu. Aka je ofis, irin wanda ke saman bene a kan shaguna, da fanka tana kaɗa fayel-fayel da aka ɗaure da zare, da shaidar kiran lauya a jikin bango cikin gilashi. Aka rubuta yarjejeniya, Barista ya ɓanɓaro koren hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa ya manna, kowa ya sa hannu, uwar gida ta dangwala. Kuɗi suka shiga asusun da ya bayar. Bayan kwana biyu ƙaramin ɗan ya ga jerin sunayen lauyoyin da aka hukunta yana yawo a Facebook, ga sunan Barista a ciki, an same shi da cin kuɗin wani da ya wakilta. Uwar ta yafa mayafi, aka hau Keke Napep aka koma.

"Barista, yaron nan ya ce ya gani a waya wai an kore ka daga aiki."

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Magana tana gaban kotu, mun ɗaukaka ƙara. Har gobe ni lauya ne."

Abin da zai ba mai karatu haushi shi ne, Barista bai yi ƙarya ba. Har gobe shi lauya ne. Doka ba ta tilasta masa ya gaya wa Hajiya komai ba kafin ta dangwala, ba ta kuma hana shi karɓar kuɗin gida na gaba ba.

A gwada wannan da halin ɗan kasuwar da kotu ta ce ya biya bashi. Shi ɗaukaka ƙara ba ta tsayar masa da komai. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara da ta Kotun Ƙoli duk sun faɗi haka ƙarara. Sai ya shigar da roƙo na daban, ya nuna dalili na musamman, kamar yadda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa tun 1972 a shari'ar Vaswani da Savalakh, wato cewa in an zartar da hukuncin yanzu, ko ya yi nasara daga baya ba abin da zai tarar. Ko an amsa masa ma, sau da yawa da sharaɗi ne: ya zuba kuɗin a asusun da ke hannun magatakardan kotu, su zauna can suna jiran mai rabo. Lauyoyi ne ke tsayawa kullum suna neman a ɗora wa mutane wannan sharaɗi. Su kuwa dokarsu ta yafe musu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke jinkirin gaba ɗaya, kuma tarihin kwamitin ne ya hana ni. A farkon shekarun 1980 aka gurfanar da Gani Fawehinmi bisa zargin tallata kansa, saboda sanarwar wani littafin rahoton shari'o'i da ya wallafa. Ofishin Babban Lauyan Tarayya, Richard Akinjide a lokacin, shi ya taso da tuhumar, kuma shi ne doka ta ɗora a kujerar shugabancin kwamitin da zai yi shari'ar. Fawehinmi ya garzaya kotu, a 1985 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya: mai ƙara ba ya zama alƙali a ƙararsa. Duk wanda ya san irin shari'o'in da Fawehinmi ya yi da gwamnatocin soja bayan nan ya san me za a yi da sandar kora in da tana faɗuwa nan take. Lauyan da ya addabi masu mulki shi za a fara nema da ita.

Misali na kusa shi ne na Kunle Kalejaye, babban lauya mai muƙamin SAN. A watan Mayun 2015 kwamitin ya ba da umarnin a soke sunansa, bisa samunsa da yin hulɗa ta waya da Mai Shari'a Thomas Naron, shugaban kotun sauraren ƙarar zaɓen gwamnan Osun, alhali yana lauyan ɓangare ɗaya a shari'ar. A 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Dalilinta shi ne mambobin kwamitin sun yi ta sauyawa a tsawon zaman, har waɗanda ba su ji shaidu da kunnensu ba suka shiga yanke hukunci, abin da ya saɓa wa sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kan haƙƙin a saurari mutum da adalci. Ko me mutum yake gani game da zargin kansa, shekara huɗu ke nan tsakanin hukunci da rushe shi. Ofishin lauya ba ya jure rufewar shekara huɗu. Masu shari'a sun watse, ƙananan lauyoyi sun nemi wani wuri, magatakarda ya koma wata sana'a, mai gida ya karɓi makullinsa. Kotu tana iya mayar da suna cikin kundi, ba ta iya mayar da waɗannan.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wadda ta shafi talaka kai tsaye. Lauya ɗaya yana iya riƙe da shari'o'i masu yawa, daga Babbar Kotun Jiha zuwa kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. In hukunci ya fara aiki ranar da aka karanta shi a Abuja, duk takardar da ya sa wa hannu washegari a Katsina ta mutu, ko labari ya iso ko bai iso ba. Wanda ke tsare yana jiran beli, da wadda ke neman haƙƙin 'ya'yanta, su za su fara ɗanɗanawa. Jinkirin yana ba su sarari.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsawon jiran. Wanda ya rubuta wannan sashe na doka ya ɗauka 'yan watanni kaɗan za a yi a gama. Sai ga shi ko ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba a daidaita a kanta ba. Wata dokar soja ta 1994 ta ce a wuce Kotun Ƙoli kai tsaye, kuma a 2005, a shari'ar Okike, kotun ta karɓi wannan. Amma da aka tattara dokokin tarayya a kundin 2004, sai aka bar gyaran 1994 a waje. A kan haka, a shari'ar Aladejobi ta 2013 da ta Akintokun ta 2014, kotun ta ce ba ita ce matakin farko ba, a koma kwamitin ɗaukaka ƙara na dattawan sana'ar. Aka sake buga dokar da gyaran a ciki, aka dawo Kotun Ƙoli. A 'yan shekarun nan kuma, a shari'ar Mene-Ejegi, kotun ta ce tsarin mulki daga Kotun Ɗaukaka Ƙara kaɗai ya ba ta ikon karɓar ƙara, don haka ba a tsallako mata daga kwamiti. Lauyoyi suna jin daɗin irin wannan muhawara, a cika mujallu da ita, a yi taruka a otal. Wanda aka cinye wa kuɗin fili kuwa abu ɗaya ya fahimta: shekara ta zagayo, Barista yana nan yana fakin a harabar kotu.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. A Ingila, ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da korar lauya da kanta. Shi zai je Babbar Kotu ya roƙa, ya kawo hujja. Hukumar da ke sa ido kan lauyoyi a can tana da ikon shiga ofis tun kafin a yi shari'a, in ta ga alamar rashin gaskiya, ta kwashe fayel-fayel, ta riƙe asusun kuɗin jama'a, ta naɗa wani lauya ya tuntuɓi masu su. Suna da asusun diyya da lauyoyi ke zuba wa kuɗi, wanda ake biyan waɗanda aka cuta daga ciki. Dokar Lauyoyinmu ba ta yi irin wannan tanadi ba. Tushen wannan tunani na Ingila yana cikin shari'ar Bolton ta 1993, inda Mai Shari'a Thomas Bingham ya bayyana cewa manufar hukuncin ba azabtar da lauya ba ce kawai, kare amincin da jama'a ke ba sana'ar ne, kuma wannan aminci ya fi arzikin kowane lauya ɗaya nauyi. A Amurka ma, kotun New York ta dakatar da Rudy Giuliani, tsohon magajin garin birnin, a watan Yunin 2021 tun ba a kammala bincike ba, don ta ga barinsa yana aiki barazana ce ga jama'a. Korar dindindin ba ta zo ba sai Yulin 2024.

Ba sai mun je Landan neman wannan hikima ba, tana cikin littattafan da ke zaurukan malamanmu. Imam Abu Hanifa, wanda aka sani da ƙin a hana baligi mai hankali sarrafa al'amuransa, ya yarda a hana mutum uku: muftin da ke koya wa mutane dabarun kauce wa shari'a, da likita jahili, da mai hayar dabbobin sufuri da ya tsiyace yana karɓar kuɗin mutane. Hujjarsa ita ce cutarsu ba a kansu take tsayawa ba, jama'a take faɗa wa. A fiƙihun Malikiyya kuma, wanda alƙalan Katsina ke aiki da shi, Tuhfa ta Ibn Asim tana da fasali a kan tsayar da abin da ake jayayya a kansa: in mai ƙara ya kawo hujja mai ƙarfi amma shari'a ba ta kammala ba, ana iya ɗage hannun wanda ake ƙara daga dukiyar har a gama. Ba a ce ya faɗi ba. An dai ce dukiya ta tsaya inda kowa zai same ta.

Abin mamaki, Dokar Lauyoyi tana da makamin da ya yi kama da wannan. Ta ba Alƙalin Alƙalan Najeriya iko ya dakatar da lauya na wucin gadi, ko don za a gurfanar da shi gaban kwamiti ko yayin da shari'arsa ke gudana, bayan an ba shi dama ya faɗi ta bakinsa. Kujerar nan ɗan Katsina ya zauna a kanta daga 1987 zuwa 1995, Mai Shari'a Mohammed Bello, ɗan Arewa na farko da ya riƙe ta. Amma a yi tunanin nisan da ke tsakanin gwauruwa a Kambarawa da teburin Alƙalin Alƙalai. Mutum ɗaya ne, da Kotun Ƙoli a kansa, da Majalisar Shari'a ta Ƙasa a kansa, ga lauyoyi dubbai a jihohi 36 da Abuja. Ikon da aka ajiye a can sama kamar babu shi ne ga wanda ke ƙasa.

A ganina gyaran ba ya bukatar a zaɓi tsakanin lauya da jama'a. A raba bakinsa da hannunsa. Wanda aka samu da taɓa kuɗin amana, in ya ɗaukaka ƙara, a bar shi ya ci gaba da tsayawa a kotu a shari'o'in da ya riga ya karɓa, ya ci abincinsa, ya kare sunansa. Amma hannunsa ya fita daga kuɗin mutane tun ranar hukunci. Ba a ba kura ajiyar nama don ta ce ta ɗaukaka ƙara. Ƙa'idojin asusun lauyoyi na 1964 dama sun wajabta a ware kuɗin waɗanda ake wakilta a asusu na daban, ba a cakuɗa su da na ofis. Sai a ɗora wani lauya da reshen NBA na garin ya amince da shi ya zama sai da sa hannunsa kuɗi za su fita. Kuɗin da kwamiti ya ce a mayar kuwa a ajiye su wurin magatakardan kotu, daidai da yadda ake yi wa ɗan kasuwa. In ya yi nasara ya kwashi abinsa.

Sai sanarwa. Wannan ita lauyoyi za su fi ƙi, don suna ganin tonon silili ne. Amma hukuncin kwamiti ba asiri ba ne, a bainar jama'a ake karanta shi, jaridu suna bugawa da Turanci. Wanda ba ya samun labari shi ne wanda ya fi bukatarsa. A wajabta wa lauyan ya rubuta wa duk wanda yake wakilta, cikin harshen da yake ji, cewa ga hukuncin da aka yi, ga ƙarar da ya ɗaukaka, mai son ya zauna ya zauna, mai son fayel ɗinsa ya zo ya karɓa. Da yawa za su zauna, don mutanenmu suna da kara, kuma wani lauyan ya yi musu alherin da ba za su manta ba. Amma su zauna da saninsu.

Ba kowane laifi ne zai ɗauki waɗannan sharuɗɗa ba. Wanda aka hukunta don ya yi wa alƙali rashin kunya, ko ya tallata kansa, ko ya ƙwace wa abokin sana'a shari'a, barinsa yana aiki ba ya jefa dukiyar kowa cikin haɗari, jinkirinsa ya tafi yadda yake. Tambayar da za a yi kullum ita ce wa zai cutu in aka jira, kuma cutar tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa. Sannan a sa wa jinkirin wa'adi. Wanda ya shigar da ƙara ya kwanta a kanta, bai tattara takardun shari'a ba, bai shigar da hujjojinsa ba, kariyar ta faɗi da kanta ba sai an roƙa ba. A yanzu duk wata da ya wuce riba ce gare shi, to me zai sa ya yi sauri?

Kafin majalisa ta waiwayi dokar, akwai abin da ke hannun mai hulɗa da lauya. Jinkirin da ake magana ya shafi hukuncin kwamiti ne kaɗai. Bai hana wanda aka ci wa kuɗi ya shigar da ƙarar neman haƙƙinsa a Babbar Kotu ba, bai hana shi kai koke ga 'yan sanda ko EFCC in akwai cin amana ba, kuma ba wanda ya isa ya tilasta wa mutum zama da lauyan da ya daina yarda da shi, sai dai a daidaita kan kuɗin aikin da ya riga ya yi. Hatimin da ke jikin takarda yana nuna cewa an biya kuɗin shekara ne, wanda ake biya kafin ƙarshen Maris, ba ya nuna ko akwai hukunci a rataye. Wannan sai an tambayi sakataren reshen NBA. A cinikin gida ko fili kuwa, ba dokar da ta ce sai kuɗi sun kwana a hannun lauya. Yana iya rubuta yarjejeniya, ya binciki takardun mallaka a ma'aikatar filaye, ya tsaya shaida tare da mai unguwa, a biya shi ladan aikinsa, kuɗin gidan kuma su tashi daga asusun mai saye su sauka a asusun da magada suka amince da shi, a gaban kowa, a rubuta lambar asusun a cikin yarjejeniyar.